Luguden Hasana da Huseina

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, sanƙarau kuma ya biyo bayansa da bazara, Kulu ta yi rashin Hasana. Da hantsi yarinyar ta ce kanta na ciwo, kafin la'asar ɗin washegari an kai ta makwancinta. Aka bar wa Kulu Huseina, ɗayar tagwayen, ana saura kaɗan su zauna jarrabawar shiga makarantar 'yan mata a Bici.

Su tagwayen nan a bakin turmi suke bitar Turanci. Malaminsu, Malam Uwaisu, bibbiyu yake haɗa ɗalibai, ɗaya ya faɗi aikatau yadda yake a yanzu, ɗayan ya amsa da yadda yake in abin ya wuce. Su kuwa suka mai da shi lugude. Huseina ta saki taɓarya ta ce "go", Hasana ta saki tata ta ce "went". Matan maƙwabta har tsiya suke wa Kulu, wai turminta ya riga maigari jin Turanci.

Bayan sadakar bakwai Malam Uwaisu ya yi sallama a zaure. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ashe rabin karatun ne a bakin Huseina. Kullum ita ke jefawa, Hasana ke cafewa, ba wanda ya taɓa tunanin ya ce su juya. Yanzu in an tambaye ta sai ta faɗi nata, ta karkata kai gefe tana jira. In ba ta riƙe ɗaya rabin ba, jarrabawar nan ba za ta ci ba.

Kulu ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, amma abin da kunne ya sha ji ba ya ɓata. Ɗiya ɗaya ta rage mata, kuma ba ta son makarantar nan ta kuɓuce. Ta kakkaɓo ragowar dawa daga gindin rumbu, wadda ko tuwon mutum biyu ba za ta yi ba, ta zuba a turmi. Ta miƙa wa Huseina taɓarya, ita kuma ta ɗauki ta marigayiya.

Yarinyar ta daka, murya can ƙasa ta ce "come". Kulu ta daka ta ce "came". Ta ce "eat", uwar ta ce "ate". Har da ɗan jan muryar da Hasana take yi a ƙarshe, don da shi Kulu ta haddace, ba ta san ba ya cikin Turancin ba. Daɗi ya fara kama ta, ta ɗauka ta samo magani.

Sai taɓaryar Huseina ta tsaya.

"Inna, don Allah ki bari," ta ce. "In kin amsa ji nake ta dawo. Sai na ɗago in ga ke ce."

Zuciyar Kulu ta karye irin karyewar da ko ranar jana'iza ba ta yi ba. Ta jingine taɓaryar.

Ranar jarrabawa Malam Uwaisu ya tsai da motar Bici a bakin hanya, ya aiko har sau biyu. Huseina na ɗaki, fuska a bango. Kulu ta leƙa ta dube ta, ta fito ta ce wa ɗan aiken su tafi kawai.