Hancin Auta

Tana durƙushe a bakin famfo tana wanke tsummokaran da mijinta ya kwana yana tofa kaki a ciki, sai ta ji hon ɗin motar Yaya a ƙofar gida. Yayan mijin nata ba mai zuwa gida da hantsi ba ne. Mutumin da ya ɗauki garejinsa uwa da uba, in ka ga ya baro shi a wannan lokaci, to da walakin, goro a miya.

Ya shigo da sallamarsa mai cika gida, rungume da kwali a ƙirji. Tun kafin ya sauke, ta san abin da ke ciki. Warin ya riga shi isowa, warin nan da ta yi shekara da shekaru tana dirzawa daga rigunan mijinta Auta bai taɓa fita ba.

"Ƙanwata, sannu da aiki. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Yaya. Barci yake yi."

"Barci da hantsi? Lallai Hanci ya samu duniya! Taso min shi, ba daɗewa zan yi ba."

Hanci. Haka suke kiran Auta a gareji, ita kuwa ta tsani sunan kamar mutuwarta. Dalilin sunan shi ne, fentin da ake fesa wa jikin mota daban, wanda ake fesa wa inji daban. Kan inji da bututun salansa, daidai inda yake barin injin, zafi suke ɗauka har ƙarfe ya nemi yin ja. Fenti na gaske in ya ji wutar sai ya gasu, ya ƙara kama ƙarfen gam. Jabu kuwa sai ya yi bororo, ya tashi hayaƙi, ya saɓule kamar fatar da tafasasshen ruwa ya zuba wa. Masifar ita ce kasuwa ta cika da jabu: gwangwani iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, har ɗan hoton wutar da ke jiki. Ido ba ya rabewa. Auta ne ke rabewa, kuma da hanci. Sai ya ɓalle murfi, ya juya fentin da ƙusa, ya cusa fuska a bakin gwangwani ya ja numfashi har ƙasan ƙirji. Yakan ce jabu a hanci yake tsayawa yana cizo, na gaske kuwa sai ya sauka can ciki ya zauna. Saboda haka shaƙar sama-sama ba ta yi, dole a ja da gaske. Tun bai yi gemu ba yake yi wa yayansa wannan aiki, ga feshin da yake wuni yana yi a ɗaki rufe don gudun ƙura, da ɗan ƙyalle ɗaure a baki wai shi ne kariya.

Ranar da za a sallamo shi daga asibiti, ita likita ya ja gefe. Ya ce huhun mijinta ya zama tsohon soso. Ya ce ko turaren wuta kada a kunna inda yake kwance, fenti kuwa, in ya sake shaƙa, to kada a ce bai faɗa ba.

Ta miƙe ta yarfe kumfar hannunta, ta je ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Yaya, don girman Allah ka fita da kwalin nan waje. Ka ji abin da likita ya ce."

"Likita feshi ya hana, ni kuma ba feshi na kawo masa ba." Ya ajiye kwalin a ƙasa, ya share gumi. "Kin san abin da sabon mai fentin nan ya jawo min? Motar babban mutum aka kawo, mai son ya buɗe bonet ya ga fuskarsa a jikin inji. Sakaran ya fesa, aka tayar da mota, hayaƙi ya turnuƙe, fenti ya zube a gaban mai ita. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Yau na zaga shago uku na sayo gwangwani uku, kowa na rantsuwa nasa ne na gaske. Ɗaya dai a ciki ba zai rasa ba. Hanci kawai zai sa ya ce min ga shi."

"A gwada a jikin wani ƙarfen mana, a gasa a gani."

"Ji ta! Yau kuma mata ke koya mana aiki. A fesa, a jira ya bushe, a gasa? Mai mota da yamma zai dawo."

Ba ta motsa ba. Ta dafe ƙyauren da hannu biyu. Sai ga Inna, mahaifiyarsu, ta fito daga nata ɗakin tana jan takalmi, carbi a hannu.

"Ke, lafiya kike tare wa babban mutum hanya a gidansa? Ɗakin da kika babake ƙofarsa, ubanki ya gina?"

"Inna, numfashinsa ne..."

"Numfashinsa ke kika ba shi? Ni na haife su su biyun, na fi ki sanin ciwonsu. Tun yana ƙarami yake shaƙar abin nan, bai mutu ba sai yau? Ɗan'uwa ya rasa wanda zai share masa hawaye sai bare? Kin zauna kin kanainaye min ɗa, ko gaisuwa sai da izininki. Matsa!"

Da su biyun ne kawai, wallahi da sai dai su bi ta kanta. Amma sai murya ta fito daga cikin ɗaki, siririya, tana fita da ƙyar.

"Bar shi ya shigo."

* * *

Auta ya riga ya tashi zaune, ya jingina da bango, filo biyu a bayansa. Mutumin da a da shi kaɗai yake ɗaga kan inji ya ɗora a benci, yanzu ƙasusuwan wuyansa kamar ka rataya mayafi. Amma ba ramar ce ta soki zuciyarta ba. Idanunsa ne. Ba yayansa yake kallo ba, kwalin yake kallo, irin kallon da mai ƙishirwa ke yi wa randa. Tun da ya bar gareji kansa ke sara, hannunsa na karkarwa, abu kaɗan ya hau ta da faɗa. Ta taɓa kama shi da tsohuwar rigar aikinsa a fuska, ta ƙwace ta kai bola, ya wuni bai yi mata magana ba.

"Maigida, ka tuna alkawarin da ka yi min," ta ce.

"Sau ɗaya ne. Yaya ne fa."

"Kin ji ɗan halak!" in ji Yaya. Ya tsuguna ya jera gwangwanayen a gefen katifa, ya zaro sukundireba daga aljihu ya ɓalle murfin na farko. Wari ya cika ɗakin nan take, har idonta ya kawo ruwa. Ta nufi taga za ta buɗe, Auta ya ɗaga mata hannu.

"Iska na ɓata ji. Bar ta a rufe."

Ya juya fentin da tsinin sukundireban, ya sunkuya, ya ja. Ta ji yadda ƙirjinsa ya yi ƙara kamar ana yaga tsohon zane. Ya ɗago yana yamutsa fuska.

"Jabu. Wannan ko ƙofar banɗaki ba zan shafa wa ba."

Yaya ya bushe da dariya yana dukan cinya. "Allah ya isa tsakanina da mai shagon nan! Har da Alƙur'ani ya rantse min. Kai, Hanci, babu kamarka. Ga na biyu."

Na biyun ya ja shi dogo, ya lumshe ido, ya riƙe numfashin a ciki. Fuskarsa ta saki, har wani ɗan murmushi ya ɓullo, wanda rabon da ta gan shi tun kafin ya kwanta. Sai tari ya turnuƙe shi. Ya yi ta yi har jijiyoyin goshinsa suka tashi, ta tara masa tsumma, abin da ya fito da ratsin ja a ciki.

"Ya isa haka! Yaya, ka gani da idonka, ya isa!"

"To, Hanci, wannan ne?" Yaya bai ko dubi tsumman ba.

Auta ya share baki, ya miƙa hannu yana haki. "Ba ni na ukun. Ba a yanke hukunci ba a ji ta bakin kowa ba."

"Oh, ɗan nan da barkwanci," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Ga shi ras, har ya fi ɗazu kyan gani."

Ta kai hannu za ta ture gwangwanin, Yaya ya kare da gwiwar hannu kamar mai korar akuya daga hatsi. Auta ya cusa fuska ya ja. Numfashin ya shiga, bai fito ba. Bakinsa ya buɗe, idanunsa suka firfito, yatsunsa suka damƙi zanin gado. Ta yi kukan kura ta ɗauko ɗan abin da likita ya ce a riƙa fesa masa a baki, ta fesa, ta sake fesawa, leɓunansa sai ƙara duhu suke yi.

"Inna lillahi! Yaya, mota! Mu tafi asibiti!"

Yaya ya kama kafaɗar ƙaninsa yana girgizawa. "Kai, wanne ne? Na biyu ko na uku? Ko da hannu ne nuna min!"

Kan Auta ya langaɓe. Sai a sannan Yaya ya yarda a tafi. Amma sai da ya tsaya ya mayar da murafen ɗaya bayan ɗaya, yana buga kowanne da ƙotar sukundireba don kada fenti ya sha iska. Tana jin ƙarar bugun, tana riƙe da kan mijinta. A mota kuma kwalin ne ya samu kujerar gaba, wai in an sa shi a baya zai kife.

* * *

A ƙofar asibiti Yaya ya sauke su, ya ce bari ya je ya lallashi mai mota ya dawo. Likitan nan ne dai. Ya sunkuya kan Auta, ya ji warin da ke tashi daga gemunsa, ya ɗago ya zuba mata ido.

"Ba ke na yi wa bayani ba? Ku mata sai a yi ta faɗa muku magana tana bi ta bayan kunne. Yanzu me kike so in yi?"

Aka ɗaura masa robar iska a fuska, aka bar ta zaune a kan kujerar ƙarfe tana kallon ƙirjinsa yana ɗagawa da ƙyar. Yaya bai dawo ba.

Wajen la'asar Auta ya buɗe ido. Ya lalubi robar ya janye ta gefe. Wata tsohuwa da ke jinyar ɗanta a gado na kusa ta dube shi sau ɗaya, ta taɓa matar Auta a kafaɗa ta ce a hankali, "'Yar nan, laƙƙana masa kalma."

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa. Hawaye na ɗiga a kan kumatunsa.

"Maigida, ce la'ilaha illallah."

Leɓunansa suka motsa. Ta kara kunne.

"Ki ce wa Yaya..."

"Bar Yaya yanzu. Don Allah, ce la'ilaha illallah."

"Na biyu ne." Ya ja wata guntuwar iska. "Kada a fesa da kauri."

"Na ji, zan faɗa masa, wallahi zan faɗa. Yanzu ce la'ilaha..."

Ta ci gaba da faɗa, tana jira ya karɓa. Sai da tsohuwar nan ta miƙo hannu ta shafe masa ido, sannan ta gane ita kaɗai take magana.

* * *

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, gida ya cika da mata. Inna na tsakiya tana kuka tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa ciwon ajali ba ya jin magani, kuma yayansa ya yi iya ƙoƙarinsa, da motarsa ma aka kai shi. Matar Auta na can ƙuryar ɗaki.

Yaya ya yi sallama a bakin ƙofa, mata suka gyara mayafi. Idanunsa jawur, kuma a faɗi gaskiya, kukan gaske ya yi. Ƙaninsa ne, shi ya goya shi. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya yi wa matar ƙanin nasa gaisuwa, ya ce ta yi haƙuri, ɗaki nata ne har ta gama takaba. Sannan ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe.

"Ƙanwata, an ce ya farfaɗo kafin ya cika. Bai bar wani saƙo ba?"

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun da aka kawo ta gidan nan da ta kalli tsakiyar idonsa. Saƙon na nan a kan harshenta, kuma ta rantse za ta isar.

"Da kalmar shahada ya cika," ta ce.

"Allahu akbar!" Inna ta ɗaga hannu sama. "Kun ji ɗana! Kun ji kyakkyawan ƙarshe!" Mata suka ɗauka, wannan na cewa ya dace, waccan na cewa Allah ya ba mu irin tasa.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. Ya murza makullin mota a hannu. "Shi ke nan? Bai ƙara komai ba?"

"Bai ƙara ba."

Ya dafa gwiwa ya miƙe ya fita. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Matan da ke kusa suka ga bakinta na motsi, suka ɗauka addu'a take yi wa mamaci. Kalmar shahadar take karantawa a madadinsa, in ta kai ƙarshe ta sake farowa, ko Allah zai rubuta masa ɗaya daga ciki.