Huɗar da Stroud Bai Yi Ba

A yankin Kansas, a zamanin bauta, ba a ɓoye ƙuri'a. Bakin taga mutum zai tsaya ya faɗa da bakinsa. Enos Tolliver ya tsaya ya ce bai yarda a shigo da bauta yankin ba. Kafin ya kai ga dokinsa, Lemuel Stroud, ɗaya daga cikin 'yan Missouri da suka tsallako kogi yin zaɓen da ba nasu ba, ya harbe shi ta baya. Matarsa Keziah ta yi ta safa da marwa wurin alƙali, amma alƙalin nasu ne. Ƙarshenta ma Stroud aka ba rabin gonarsu. Ya kafa gida, ya kawo bayi biyu, Viney da mijinta.

Kaka ta yi, ciyawa ta bushe, ta fi mutum tsawo. Maƙwabta suka taru suna ja wa juna huɗa kewaye da gidaje, don wuta in ta zo ta tsaya nan. Stroud a ƙasar itatuwa ya tashi, bai taɓa ganin gobarar fili ba. Ya ja linzami a gaban Keziah yana dariya.

"Ke tsohuwa, me za ki shuka a wannan zoben? Mijinki?"

"Ado ne kawai, ranka ya daɗe," in ji Keziah.

Babu wanda ya faɗa masa amfanin huɗar.

Ranar da iskar kudu ta taso da ƙarfi, Stroud ya tafi gari shan giya. Keziah ta tarar da Viney tana wanki a rafi.

"'Yar nan, ja mijinki ku bi ruwan nan arewa. Kada ku koma ɗaukar komai."

"Inna, in ya biyo mu fa?"

"Yau ba ta ku zai yi ba. Tashi!"

Sai da suka ɓace mata, sannan ta ƙyasta ashana a cikin ciyawa. Wutar ta cinye gidan Stroud, da harawa, da masara, da karnukan farautar bayi.

Da yamma Stroud ya iso wurinta yana tangaɗi.

"Mayya! Ke ce!"

"Ciyawata na ƙona, kamar kowa. Kai me ya hana ka huɗa?"

Kafin ƙanƙara ta sauka ya koma Missouri, Keziah ta tumɓuke turakun iyakarsa ta yi girki da su. Amma ranta bai huce ba. Don Viney ta samu tsira ne ta zaɓi ranar da ba ya nan. Ita so ta yi a ce yana cikin gidan.