Ranar da Ruwa Ya Kwanta

Malam Mukhtaru Yalwa bai taɓa roƙon ɗansa komai ba sai da ya haura saba'in, kuma abin da ya roƙa ya ba kowa dariya a gidansu na unguwar Tandabawi a Makka. Cewa ya yi ɗan nasa Taha ya shiga da shi ƙarƙashin teku. Mutumin da wanka da ruwan sanyi ma sai an kai ruwa rana da shi.

Taha kuwa sana'arsa ke nan. Kullum yakan tuƙa daga Makka zuwa wani masaukin masu yawon shaƙatawa a gaɓar Bahar Maliya, ya goya wa baƙi tukunyar iska, ya nutsa da su su kalli murjani. Shi ma dariyar ya yi, sai da tsohon ya faɗi dalili. Yana ɗan shekara shida aka tsallako da shi daga Sudan a jirgin ruwa. Mahaifiyarsa ta rasu a tsakiyar tafiya, aka yi mata salla aka sa ta a ruwa. Kowa na da kabarin da yake ziyarta, ban da shi.

"Ba nemo ta zan yi ba," in ji shi. "So nake in ga irin wurin da take kwance, khalas."

Taha ya ɗauki alkawari, kuma bai yi wasa ba. Ya kai shi wurin likita, aka yarda masa ya shiga inda ba zurfi. Ya koya masa numfashi a tafkin masaukin. Ya sa aka yi masa gilashin nutso daidai da raunin idonsa. Tsohon ya riƙa sa gilashin yana tsoma fuska a baho, 'yarsa Shaima tana tsokanarsa wai ya gaida kifaye.

Amma lokacin sanyi ne, iskar arewa tana kaɗa teku, jar tutar hana shiga a kafe bakin ruwa kwana da kwanaki. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Laifin ya zo a watan Maris. Ran nan iska ta faɗi, uba da ɗa suka fita a kwalekwale, tsohon har ya sa rigar nutso. Taha ya leƙa ruwan ya yamutsa fuska. Akwai ɗan gurɓata, ba a gani fiye da mita goma. Ruwa ne da a safiyar ya shigar da baƙi uku suka fito suna murna. Sai dai baƙi daban, uba daban. Taha ya san ranakun da ake hangen mita talatin, kuma irin su yake son ya ba mahaifinsa.

"Abuya, wannan ai kunu ne. Mu jira ya washe."

"Ni da ko a tudu ba na ganin taku goma?"

Taha ya kafe. Gwanaye haka suke, sukan manta cewa da babu gara ba daɗi. Tsohon ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tuɓe gilashin ya miƙa masa. "Tayyib. Kai ka san ruwa."

Washegari iskar kudu ta taso ta hautsina gaɓar mako biyu. Kafin a farga aikin Hajji ya matso, tsohon ya tafi Arfa kula da masu girki kamar kowace shekara, ya dawo da tari. Sai zafi ya sauka, irin wanda ba a ɗora mai tari a kwalekwale. A watan Satumba ya rasu, aka sallace shi a Harami.

Ranar da Taha ke jira ta zo a ƙarshen Oktoba. Babu iska ko kaɗan, daga cikin kwalekwale ana ƙirga duwatsun ƙasa. Baƙin cikin da ya danne tun rasuwar ya taso masa. Ya sallami baƙinsa, ya koma ruwa da abokin aikinsa, ya sa gilashin mahaifinsa maimakon nasa.

Gilashin ba na idonsa ba ne, don haka komai ya dushe, ruwan ya koma kunu, ya fi na watan Maris muni. Duk da haka ga farin yashi shimfiɗe, ga murjani, ga haske yana saukowa a hankali, ga shiru. Wuri ne mai kyau ga wadda ta gaji da tafiya.

Ashe ko wannan ma da ya ishi tsohon.