Uwar Maƙerar Ummaru

Wata huɗu ke nan da Abdullatif ya kwaso iyayensa daga ƙauye ya kawo su Dutsin-Ma, kuma a wata huɗun nan babu wuƙa ɗaya a unguwar da ta tsira daga hannun Ummaru maƙeri. Tsohon ba ya iya zama. Da gari ya waye zai ɗauki dutsen washinsa ya bi gidaje yana sallama, ya wasa wadda ta dakushe, ya wasa wadda ba ta yi masa laifin komai ba. Matarsa Larai ta yi magana har ta gaji, ta koma ɓoye tata wuƙar a cikin buhun gero, don ya kusa mayar da ita tsinke.

Ba wuƙaƙen ne damuwarsa ba. Ranar da 'yan bindiga suka sa suka baro ƙauyensu, can bayan Rawayau a ƙasar Kurfi, mota ta cika da katifu da awaki, aka ce uwar maƙera ta jira wani zuwan. Uwar maƙera kuwa, dunƙulen ƙarfen nan da ake bugun ƙira a kansa, kakan Ummaru ne ya narka tama da hannunsa ya fitar da ita, tun ba a san mota ba. A kanta kakan ya yi wuƙaƙen tama, uban ya yi na ƙarfen sifirin ɗin mota, shi Ummaru ya shekara hamsin yana yi wa mahautan Kurfi wuƙar yanka da ta fiɗa. Abdullatif, ɗansa namiji tilo, malamin makaranta ya zama, bai taɓa riƙe awartaki da son ransa ba.

Ran nan a ƙofar masallaci Ummaru ya ji ana hirar masu sayen tsohon ƙarfe, wai sun fara bin ƙauyukan da suka watse suna kwashe har ƙyauren ɗaki. Uwar maƙerarsa ta faɗo masa a rai. Ya dawo gida ya tari ɗansa da maganar a je a ɗauko ta.

"Baba, ƙarfe ne fa," in ji Abdullatif. "Hanyar nan ba ta da kyau. Ka yi haƙuri."

"Ƙarfe ne? Tuwon da ya girmad da kai, daga kanta ya hito."

Washegari, Abdullatif na fita makaranta, tsohon ya lallaɓa wurin Mutawakkil, wani magidanci ɗan acaɓa da ya san hanyar. Mutawakkil ya yi ta sosa ƙeya kafin ya yarda ya kai shi ƙauyen su ɗauko ta. "Amma kahin La'asar mun baro, Baba. Ina da iyali."

Sun isa da hantsi. Ciyawa ta cinye tsakar gidaje, zana duk ta kwanta. Tun kafin a kashe babur Ummaru ya ji bugu daga wajen rumfarsa, bugu mara kan gado, irin wanda ke sa haƙorin maƙeri tsami. Ya diro ko sandarsa bai ɗauka ba.

Hudu ne, maƙwabcinsa, manomi ɗan manomi. Ya durƙusa yana jibgar wani guntun ƙarfe da ko ja bai yi ba, matarsa Rekiya na fama da zuga-zugin da aka toshe da tsumma.

"Kai Hudu! Wa ya ce ka taɓa ta? A gidanku wa ya taɓa ƙira?"

Hudu ya saki masaɓar, ya sunkuyar da kai. "Kawu, ka yahe mani. Gero ya nuna. Gida bakwai muka rage, wuƙar yankan gero biyu gare mu, kasuwa kuwa ba ta zuwuwa. Mi za mu yi?"

Ummaru ya ture shi, ya gyara gawayi, ya ce wa Rekiya ta zuga a hankali. Da ƙarfen ya yi ja ya ɗora shi, ya buga. Ƙarar ta fito tas, yadda ya san ta tun yana ƙarami. Rabon da ya ji jikinsa ya yi daidai haka tun ranar da suka bar garin nan. Kafin Azahar wuƙa ɗaya ta fito.

"Baba, rana fa," in ji Mutawakkil. Ya durƙusa ya fara tonon gindin uwar maƙera don a ciro ta.

Hudu bai roƙi komai ba. Tashi ya yi ya ɗauko fartanyarsa ya zo yana taya shi tonon. Wannan ne ya karya wa Ummaru zuciya. Ya dubi guntayen ƙarfe shida da aka jera a bakin wuta, na kowane gida ɗaya, ya dubi Rekiya da ta kau da kai tana share ido da bakin zane.

"Ku bari," ya ce.

"Baba?"

"Na ce ku bari. Ku maida ƙasar. Hudu, zo nan, buɗe kunnenka, lokaci babu."

Bugu kowa na iya koya da yau da gobe. Abin da ke sa wuƙa ta ci ta kuma daɗe shi ne shayarwa, wato yadda ake tsoma ta a ruwa. Wannan kuwa uban Ummaru sai da ya kori kowa daga rumfar kafin ya nuna masa, ya kuma ja masa kunne cewa ba a faɗa wa wanda ba jinin gidan ba. Shekara hamsin yana riƙe da maganar yana jiran Abdullatif. Yau ga shi yana zazzage ta ga manomi, da sauri, yana leƙen rana.

"In ƙarhen ya yi hari ka ƙone shi. Jira ya yi ja kamar taunannen goro. Bakin kawai za ka tsoma, ka ɗago. Ka ga launin nan da ke gangarowa kamar ɓawon albasa? Da ya kai baki, tsunduma ta duka. Yi in gani."

Ta farko ta tsage. Ummaru ya zage shi tas. Ta biyu ta yi laushi. Mutawakkil ya tada babur ya kashe, ya sake tadawa. Ta uku Ummaru ya gwada a gashin hannunsa, ta aske.

"Kada ka ƙara buga mata ƙarhe mai sanyi," ya ce. "In ruwa zai sauko ka ruhe ta."

Ya shafa saman uwar maƙera sau ɗaya, da ɗuminta, ya hau babur. Suna fita gari bugu ya tashi a bayansu, har yanzu da ɗan gaggawa, amma ya fara kama hanya. Ummaru bai waiwaya ba. Ya riƙe rigar Mutawakkil da hannu biyu, ya yi ta kuka har suka hau kwalta, Mutawakkil ya yi kamar bai ji ba.