Alamar Buhun Baba Ladan

Yaya Muhsin ne ya gina shafin, wannan ban musa ba. Amma ni na yi masa fuska. Shafi ne na intanet da ke nuna wa manoman albasa na Aliero wace babbar mota ce ke da sauran wuri, da ranar da za ta yi lodi. Shi ya rubuta abin da ke aiki a ciki, wanda ba mai gani. Ni kuwa, Hamdiyya, na zana manyan maɓallai da hoton buhu da na mota, don ko wanda bai yi boko ba ya danna. A saman shafin na ɗora alamar da mahaifinmu, Baba Ladan, ke shafa wa buhunansa da jan fenti tun kafin a haife mu: da'ira da zane uku a ƙarƙashinta.

Ran nan Yaya ya dawo da wata sabuwar aƙida, wai zai saki shafin kyauta, kowa ya kwafa ya gyara. Na ce ya saki nasa, ya bar min fuskata. Ya ce wai shafi ba fuska ai tukunya ce ba marfi, kuma komai na kowa ne. Mutumin da ko cajar wayarsa ba ya ba ni aro! Na yi fushi na kwana biyu, shi kuwa ya saki abinsa har da alamar, bai gaya min ba.

Wani Waliyyu a Maiyama ya kwafa, ya zuba motocin garinsu, bai canza ko ɗigo a fuskar ba. Manoman Karaye ta kusa da Maiyama suka ga jar da'ira a waya, suka ce ai motar Ladan ce, ba ta saɓa rana. Suka fito da albasarsu bakin hanya ranar Talata. Mota ba ta zo ba, har Laraba.

Alhamis da hantsi sai ga babura biyar a ƙofar gidanmu. Baba, wanda bai ma san mene ne shafi ba, ya sa aka shimfiɗa musu tabarma aka kawo fura. Babbansu, Malam Mamuda, ya miƙa masa waya. Ina leƙe ta zaure, don ni na ɗora alamar. Baba ya daɗe yana kallo. Yaya ya fara bayani da Turanci-Turanci, wai ba namu ba ne, kwafi ne, laifin Waliyyu ne.

"Wagga alama tawa ta?" in ji Baba.

Yaya ya ce, "Taka ce, Baba, amma…"

"To ni na yi musu alkawari."

Wallahi sai da hawaye suka zo min. Baba ya sa aka sauke buhunansa daga motar da zai tura Kudu, ya ce ta wuce Karaye. Nasa su jira mako mai zuwa, in sun ruɓe sun ruɓe. Ya kuma ce masu lodi su huta, tunda akwai mai cewa komai na kowa ne a gidan.

Na ga hoton da direba ya turo: Yaya da buhu a ka, gilashinsa ya karkace, idanu jajur. Na ajiye shi, kuma ba zan goge ba.

Da ya dawo yana warin albasa muka zauna. Maɓallan da hotunan na yarda a bar wa kowa, don tsofaffin Karaye ma suna da yatsu. Inda alamar take muka bar fili, kowa ya sa tasa. Na kai wa Baba wayar ya gani, na ce na cire alamar har daga namu shafin, na roƙe shi ya yafe min.

Ya ture wayar. "A namu ki maida ta. Mu ai muna zuwa ran da muka ce."