Kwancin Ƙoƙi-ƙoƙi

A cikin itacen girki aka kawo ta gidan. Wani mai jaki ne ya sauke wa Dijatu dami biyu na magarya a ƙofar gidansu da ke Azare, cikin bazarar 1989. 'Yarta Zinatu na kwasa zuwa madafa sai ta ga ɓawon wani reshe ya motsa. Ashe ƙoƙi-ƙoƙi ce, amma ba koriyar nan da yara suka saba tsokana ba. Wannan launin itace gare ta, ta lafe jikin reshen kamar tare aka halicce su. Igiyar damin ta tsinke mata ƙafar baya guda.

"Ke, yar da wannan ƙazantar ki miƙo min itace," in ji Dijatu.

"Ke" ɗin nan shi ne sunan Zinatu a bakin uwarta. 'Yar fari ce, kuma a dangin Dijatu da na mijinta Malam Saleh, Fulanin Gadau, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gaban mutane sai dai wata ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye Zinatu kakarta ta goya ta zuwa Gadau, Dijatu na surfe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba. Mata suka yi ta yabon kunyarta. Babu wadda ta san cewa kwana bakwai ta yi abinci bai wuce maƙogwaronta ba. Sai da yarinyar ta shekara goma aka dawo da ita Azare saboda makaranta, tana kiran kakarta Inna, uwar da ta haife ta kuwa Adda, wato yaya da Fulatanci.

Zinatu ba ta yar da ƙwaron ba. Ta samo kwalin sabulu, ta saka reshen a ciki, ta rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ka gan ta a bayan madafa tana farautar ƙuda da 'yan fara, yarinya mai shekara goma sha uku da ya kamata a ce tuƙin tuwo take koyo. Tare suke wannan aikin banza da ƙawarta Bisi, 'yar Bayarabiyar da ke haya a maƙwabta, mai sayar da kwanuka a kasuwa.

Wannan maƙwabciya ita ce ƙayar da ke sukar Dijatu, ko da yake suna shiri. Sunanta Bolanle, amma duk Azare babu mai kiran ta haka, sai Maman Bisi. Wato mace ta ɗauki sunan 'yar farinta ta yafa kamar gyale, tana yawo da shi cikin gari! Bisi na shigowa gida za ta rungume ta, ta dudduba kanta, ta tura mata loma a baki a gaban kowa. Dijatu kan kau da kai don kunya ta kama ta. Zinatu kuwa tsayawa take tana kallo.

Bayan mako biyu ƙoƙi-ƙoƙin ta yi ƙwai. Wani dogon kumfa ta shafa jikin reshen, ya bushe ya yi tauri, sannan ta hau ta kwanta a kai, ta rufe shi da jikinta ruf. Daga ranar ta daina ci. A kawo mata fara har baki, ba za ta kula ba. In an kai tsinke kusa da ƙwan sai ta ɗaga hannuwan nan nata masu ƙaya ta make shi, ta koma ta lafe.

Dijatu na tankaɗe wata la'asar ta jiyo yaran a bayan madafa.

"Kina ganin tana son su?" Bisi ke tambaya. "Malaminmu ya ce ƙwaro ba ya jin komai, ko zafi."

"Oho. Ita dai ba ta bayar da nata an tafi da su ba," in ji Zinatu.

Rariyar ta tsaya a hannun Dijatu. Maganar ta soke ta. Ta ci gaba da tankaɗe.

A makon ne Malam Saleh ya gaya mata cewa yarinyar ta roƙe shi ya mayar da ita Gadau. Ta ci jarrabawar shiga sakandare, amma ta ce ba ta so, wurin Innarta take so, can ne ake son ta. Kakar kuwa dama ƙiris take jira, har ta aiko cewa Bappayo, ƙanen Malam Saleh, zai zo ya tafi da ita ranar Lahadin ƙarshen wata.

"Me kika gani?" ya tambaye ta.

"Ni me zan gani? 'Yarku ce."

Haka ake faɗa, haka ta faɗa. Ta kuwa san in yarinyar ta tafi wannan karon, karatu ya ƙare, kuma ba za ta sake zama gidan nan ba sai dai ta zo baƙunta.

Wata safiya, yara duk suna makaranta, Dijatu ta je ɗebo itace ta ga layin cinnaka ya miƙe daga gindin katanga har cikin kwalin. Ta leƙa. Sun yanyame dungulmin ƙafar nan da ta tsinke, wasu na neman hanyar shiga ƙarƙashinta. Ƙoƙi-ƙoƙin na karkarwa, tana kai duka hagu da dama, amma ba ta matsa daga kan ƙwan ba, alhali ga sarari a kwalin da za ta iya gudu.

Dijatu ta manta da ƙazanta ce. Ta fizge gidan sauron, ta sa hannu tana tsince cinnakun ɗaya bayan ɗaya, suna gallara mata cizo, ita ma mai ƙwan ta kafta mata ƙaya a yatsa don ba ta san mai taimako ba. Ta ɗora kwalin a kan turmi, ta zagaye turmin da toka mai ɗumi. Da Zinatu ta dawo ta ga sauyi, ta ga hannun uwarta ya yi ruɗu-ruɗu.

"Adda, ke kika ɗaga ta?"

"Tare min hanya ta yi."

Zinatu ta duƙa tana duba ƙafar ƙoƙi-ƙoƙin. "Adda, kina ganin ta ji zafi?"

"Ina zan sani? Ba ta da bakin faɗa." Dijatu ta juya tana hura wuta. "Na dai ga ana cin ta da rai, ba ta tashi ba."

Ranar Juma'a ƙwan ya fashe. 'Ya'ya suka yi ta fitowa, ƙanana kamar sauro, sun fi a ƙirga. Zinatu ta kira Bisi da gudu, suka tsuguna suna jiran su ga uwa ta yi murna. Ba ta yi komai ba. 'Ya'yan na bi ta kanta, suna hawa hannuwanta, ita kuwa ta kafe ido wani wuri daban. Ta rame, cikinta ya shafe kamar busasshen ganye. Kafin la'asar yawancinsu sun fice ta hujin gidan sauron sun bazu cikin itace.

"Ko kallonsu ba ta yi ba," in ji Zinatu. "Ashe ita ma haka take."

Dijatu na wanke shinkafa. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Mako uku ba ta sa komai a ciki ba. Kallo kike nema kuma?"

Zinatu ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Washegari ta haɗa kayanta cikin akwatin ƙarfe, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki.

Bappayo ya iso da hantsi ranar Lahadi. Aka gaisa, ya sha fura, ya ce su hanzarta kada motar Gadau ta cika. Maman Bisi ta shigo sallama har da hawayenta, ta ba Zinatu sabon kwano. Malam Saleh na tsaye yana gyara hula. Dijatu ta fito daga madafa, hannunta duk gari. A gaban ƙanen miji da baƙuwa, ko tari ba ta isa ta yi a kan 'yar fari ba, ta kuma san haka sarai. Ta wuce su duka, ta je ta zauna a kan akwatin.

"Adda Dijatu, a ɗan ɗaga mana," in ji Bappayo yana dariya.

Ta zuba wa katanga ido.

"Dijatu, mota fa za ta tashi," in ji Malam Saleh.

Bappayo ya kai hannu zai kama marfin akwatin ta gefe, ta make hannun ba tare da ta dube shi ba. Ya ja baya yana salati, don tunda aka kawo ta gidan yayansa bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Kunya ta rufe Dijatu, gumi ya jiƙa mata riga, ta san kafin mako ya zagayo duk Gadau za a ji cewa Dijatu ta zubar da mutunci a kan 'yar fari. Ta ƙara gyara zama.

Rana ta take. Maman Bisi ta sulale ta fita. Tuwon rana bai samu ba, ƙannen Zinatu suka yi ta ƙananan kuka. Bayan azahar Bappayo ya kaɗe rigarsa ya ce shi zai tafi, ya san abin da zai gaya wa tsohuwa. Malam Saleh ya raka shi, yana ɓoye murmushi cikin gemu.

Tsakar gida ta rage su biyu. Zinatu ta shiga madafa, ta dama kunu a sabon kwanon nan, ta kawo ta durƙusa gaban akwatin.

"Umma, ki sha. Tun safe ba ki ci komai ba."

Ba ta taɓa kiran ta haka ba.

"Wa kike kira Umma? Ji marar kunya," in ji Dijatu, hawaye na bin kumatunta, idonta har yanzu a katanga.

"To ɗan ɗaga in ciro kayan makarantata, gobe Litinin."

Dijatu ta karɓi kwanon. Ta ɗaga kaɗan, daidai yadda hannun yarinyar zai shiga, sannan ta koma ta zauna.