Rawaya a Wuyan Alli

Tela ya gaji abu biyu a wurin mahaifinsa, keken ɗinki da fararen kaji. Keken shi ke ciyar da gida, kajin kuwa su suka sa aka san shi. Masu kiwo sukan zo daga nesa neman ƙwansu, domin farare ne tas, babu ɗigon wani launi tun daga kai har wutsiya. A gidan akwai matarsa, wadda yara ke kira Inna, da 'yarsu Auta, ita kaɗai ta rage a gabansu tun da yayyenta suka tafi makarantar kwana. Sai ƙanensa direba, Baffan Auta, wanda ba a nan yake kwana ba amma ba a raba abinci babu kwanonsa.

Abin da gidan ya rasa shi ne zakara. Annoba ta shiga keji ta kwashe zakarun kaf, ta bar kaji mata 'yan kaɗan. Baffa ne ya kawo ƙwai daga nasa kason na kajin gado, aka sa wa kaza ta kwanta. A cikin 'yan tsakin namiji ɗaya ne ya rayu. Auta ta sa masa suna Alli.

Da Alli ya fara girma, Tela ya ware shi a wani ɗaki a bayan shago, ya rufe tagar da buhu, yana ba shi farar masara da alkama. Ya ce wa Auta, "Kada a fitar da shi." Bai ƙara komai ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Amma duk sa'ad da ta leƙa ta gan shi tsaye shi kaɗai a duhu, sai tausayi ya cika ta. Saboda haka in ta dawo makaranta ta ji ƙarar keke a shago, sai ta lallaɓa ta ɗauke shi, ta hau da shi saman bene inda ake shanya. Can yakan baje fukafukai a rana yana lumshe ido, ita kuma tana watsa masa masara rawaya da ta ɗebo a ɗakin girki. An daɗe ana haka.

Wata safiya da babu makaranta, Tela ya fito da Alli tsakar gida ya yi masa wanka, don lokacin haɗa shi da kajin ya yi. Auta ce ke zuba ruwa. Ya goge shi da tawul, ya ɗaga shi a haske, sai hannunsa ya tsaya. Ya laluba aljihu ya ciro ƙyallen farin yadi, ya kara a wuyan zakaran.

Kusa da yadin, gashin wuyan Alli ba fari ba ne. Ya yi rawaya-rawaya kamar tsohuwar takarda, haka ma gadon bayansa.

"Innar yara, zo ki gani, ko idona ne."

Inna ta fito tana goge hannu. "Ba datti ba ne?"

"Wane datti? Yanzu na wanke shi da sabulu."

Daidai nan Baffa ya yi sallama yana kaɗa makullin mota. "A'a, Yaya, wanka ake wa ango? Ni ko a bikina ban sami wannan gata ba."

"Zo ka ga angon naka," in ji Tela. Bai yi dariya ba.

Baffa ya sunkuya ya duba, murmushinsa ya ɗauke.

"Jan zakaran maƙwabcinka," in ji Tela, "wanda ke tsallaka katanga. Na tambaye ka ranar da ka kawo ƙwan nan, ka ce bai taɓa shiga wurin kajinka ba."

"Kuma bai shiga ba. Kejina a rufe yake."

"Kai da kake kwana a hanya, ina ka san abin da ke shiga?"

"Yaya, ni kake cewa na kawo maka gauraye?"

"Ban ce ba. Wuyansa ne ya ce."

"Ku yi a hankali mana, maƙwabta na ji," in ji Inna.

Auta tana tsaye da buta a hannu. Ba ta san me ke sa gashin zakara ya sauya ba. Abin da ta sani kawai, an hana ta abu, ta yi.

Tela ya zauna a kan kujera, zakaran a cinyarsa. Ya sassauta murya, wannan kuwa ya fi faɗan ban tsoro. "Idan na bar shi ya hau kajin nan, duk abin da za a ƙyanƙyashe ya ɓaci, kuma ba ya gyaruwa. Mutum zai zo ya sayi ƙwai da sunan irin Baba, ya je ya sami wani abu dabam. Gara a ce irin ya ƙare a hannuna da a ce ni na gurɓata shi."

"To yanka shi!" in ji Baffa, idonsa ya yi ja. "Yanka, ka huta, ni ma in huta da zargi."

"Haba, ku bari zuciya ta kwanta tukuna," in ji Inna.

"Zuciya ba ta mayar da gashi fari. Auta, ɗauko mini wuƙa."

Ta ajiye butar ta nufi ɗakin girki. Wuƙar tana kan kantar ajiye kwanuka. A ƙarƙashin kantar buhun masara yake, bakinsa a buɗe. Ta tsaya tana kallon ƙwayoyin, sai ta ga launinsu ɗaya da abin da ke wuyan Alli. Idan ta faɗa, za a san ta karya doka, kuma mai yiwuwa a yanka shi duk da haka. Idan ta yi shiru, babu wanda zai taɓa sani.

"Auta! Ƙera wuƙar kike yi?"

Ta fito. Baffa ya riga ya kama ƙafafun zakaran da fukafukansa, ya kwantar da shi a bakin magudana. Alli yana haki, ido ɗaya yana kallon sama. Tela ya miƙa hannu. Auta ta ɓoye wuƙar a bayanta, ta miƙo ɗaya hannun ta buɗe. Masara ce cike da tafinta.

"Mene ne wannan?"

"Ita nake ba shi, Baba. A saman bene. Kullum in na dawo makaranta."

"A saman bene? A rana?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fara cara."

Tela ya dube ta har ta sunkuyar da kai, tana jiran mari. Sai ta ji ya ce wa Baffa, "Sakar masa fiffike." Ya durƙusa ya ɗaga fiffiken, ya hura gashin ƙarƙashinsa, inda rana ba ta kaiwa. Fari ne fat.

"To, ka gani!" in ji Baffa. "Ni da ake cewa ina kwana a hanya, ashe ɓarawon yana cikin gida, har da kitso."

"Dakata, ba a gama ba," in ji Tela. "Rana tana ƙona farin gashi, masara rawaya ma tana rina shi. Amma gauraye ma ta wuya da baya yake fara nunawa. Ido ba zai raba su yau ba."

Ya fizge 'yan gasu a wuyan Alli, har fata ta bayyana kamar faɗin kwabo. Zakaran ya yi ƙara, Auta ta rintse ido.

"Wanda zai fito a nan shi zai yi shaida. Zai zauna a inuwa, abincinsa fari. Ke za ki kula da shi, tunda ke kika ɓata. In ya fito fari, ya tsira."

"In ya fito rawaya fa, Baba?"

"Sai ki sake ɗauko wuƙar."

Makonnin da suka biyo baya sun yi wa Auta tsawo. Kowace safiya takan shiga ɗakin ta buɗe wuyan Alli da yatsa. Da fari fata ce kawai. Daga baya wasu tsinke-tsinke suka tsiro kamar ƙaya, kowanne a cikin kubensa, ba a ganin launin da ke ciki. Baffa ya daina zuwa cin abinci. Inna tana zuba nasa ta rufe, da yamma ta juye.

Ranar da kuben suka fashe, Auta ba ta yarda da idonta ba. Ta ruga shago ta tsaya a bakin ƙofa, ta yafito mahaifinta. Tela ya tsayar da keke ya bi ta. Ya kai zakaran bakin ƙofa inda haske yake, ya buɗe wurin. Sabon gashin ya fito a tsakiyar tsohon, fari sol.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke numfashi. "Je ki ce wa Innarki ta zuba abincin Baffanki a kwanon tafiya. Ni zan kai masa da kaina, akwai haƙurin da zan ba shi." Ya mayar da Alli ciki ya ja ƙofa. "Ke ma na yi miki ba daidai ba. Na ce kada ki fitar da shi, ban gaya miki dalili ba. Farin zakara da rana ba sa shiri, shi ke nan. Zan buɗe masa taga ta ɓangaren inuwa ya riƙa shan iska."

Auta ta leƙa ta kafar ƙofa, ta ga Alli yana tsattsagar alkama a duhunsa. A ranar ta gane cewa ba don mugunta aka rufe shi ba, kuma tausayin da ta ji masa ba tare da ta tambaya ba shi ya kusa kai shi ga wuƙa.